Itacen da ke Jikin Bangon Baba

Ni na shuka itacen nan da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na fara da wannan ne saboda har yau in maganar ta taso ƙanena yakan ce ƙaddara ce. E, ƙaddara ce, amma a cikin gwangwanin madara ta zo, kuma ni na rungumo ta a cinyata tun daga kan dutse har cikin Makka.

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka taho a ƙafa, Baba yana goye aka iso da shi. Ina budurwa muka koma unguwar Zahir, gida mai ɗaki uku da ɗan tsakar gida da muke kira hoshi, siminti ko'ina, babu ko ɗanyen ganye. Da na yi aure sai mijina ya tafi da ni Shafa, can saman duwatsun Ɗa'if, inda yake gadin wani gidan hutu. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai yarda cewa wurin yana kusa da Makka ba. Hazo yakan shigo har cikin ɗaki ya jiƙa bargo, kuma lokacin sanyi in ka bar ruwa a buta a waje, da safe sai ka ɗumama shi kafin ya yi alwala.

Shekarar farko na yi irin wautar baƙo. Na share bayan ɗakinmu na zuba lalle da zogale da yakuwa, irin da mahaifiyata ta ƙulle mini a ƙyalle. Sun fito gwanin sha'awa. Safiya ɗaya na fito na tarar da su baƙi ƙirin, sun kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ina tsaye ina masifa ni kaɗai sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Balarabiyar dutse mai kiwon awaki, ta leƙo ta kan katanga tana dariya da haƙoranta uku.

"Ke 'yar Makka," ta ce, "dutsen nan ba ya riƙon baƙo. Shuka masa 'ya'yansa."

Ita ta koya mini. Ta nuna mini yadda ake tono ƙaramin tsiro tare da ƙasar gindin uwarsa, kada a kakkaɓe. Ta ce in jira sanyi ya karye kafin in dasa, in sa su a gefen katangar da iska ba ta duka, in kewaye kowanne da duwatsu don su riƙe ɗumin rana su ba shi da dare. Ruwa kuwa ta ce in yi rowarsa, wai ɗan daji in ka shagwaɓa shi ruɓewa yake. Na shuka ar'ar, itace mai ƙanshi da ba ya zubar da ganye. Na shuka zaitun daji, da wata ciyawa mai shuɗin fure da zuma ke bi, da ɗalhi, wata ƙaya 'yar'uwar bagaruwa. Shekara goma sha ɗaya ina cikin lambun nan. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ba na jin kunyar cewa su na raina.

Da mijina ya rasu, gidan ba namu ba ne, sai na tattara. Ƙanena ya zo da mota. Ya ga gwangwanaye bakwai jere a ƙofa ya ce, "Yaya, waɗannan kuma fa? Su ma takaba za su yi?" Ban kula shi ba, na shiga da su.

Lokacin Baba shi kaɗai ne a gidan Zahir, mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Bayan na fita takaba na ɗauki guduma na fasa simintin da ke jikin bangon ɗakinsa, don nan ne kaɗai inuwa ke sauka da yamma. Yana zaune a kujerarsa yana kallona. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba.

"Uwata, waɗannan na gona ne ko na daji?"

"Na daji ne, Baba."

"To ki yi tunani kafin ki sa su a ƙasa. Nan Harami ne. Abin daji in ya kama ƙasa a nan, ya fi ƙarfinki."

Kowane ɗan Makka ya san wannan tun kafin ya iya ɗaure zariya. Cikin iyakar Harami ba a farauta, ba a sare itacen da ya tsiro da kansa, ba a tuge ciyawarsa. Amma ni na yi makaranta a nan, kuma abin da aka koya mana shi ne, abin da mutum ya shuka da hannunsa nasa ne, ya ga dama ya sare. Baba kuwa yana kan abin da ya ji a wurin malaman iyayensa. Su a wurinsu ba a duba wanda ya shuka, jinsin abin ake dubawa. Na daji na daji ne ko da sarki ya dasa shi. Na san da wannan saɓani, sai dai raina a ɓace yake a lokacin, ba abin da nake so illa in ga ɗan abin da ya rage mini na Shafa ya rayu.

"Haba Baba, wa ya ce zan sare? Ni da nake lallaɓa su?"

Ya ce, "Allah ya sa," ya ci gaba da jan carbinsa.

Zafin farko ya cinye shida. Ar'ar ya fara tafiya, ya bushe a tsaye ganyensa bai ko zuba ba. Ashe kuskuren da na yi a Shafa shi na sake yi a Makka, sai dai na juya shi. Ɗalhi kaɗai ya ƙi mutuwa. Wata biyu yana tsaye kamar tsinken tsintsiya, sai kawai ya yi tohon da ya ba ni mamaki. Ban ƙara masa ruwa ba, amma kullum shar yake. Na riƙa yi wa matan unguwa alfahari wai hannuna ne mai albarka. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda yake sha ba.

A shekara ta biyar ya wuce rufin ɗaki. Gangarsa ta kai kaurin cinyar babban mutum, ya ɗan karkata zuwa tsakiyar hoshi yana bin haske. Yakan yi fure ya cika gidan da ƙanshi, ya zubar da kwanson 'ya'ya ko'ina, kurciyoyi suka mai da shi gida. Baba ya dawo da kujerarsa ƙarƙashinsa, nan yake shan shayi. Amma ko tsinke bai taɓa karya ba. Da wani reshe ya miƙo yana gogar tagarsa, igiya ya samo ya ɗaure shi ya ja gefe. In ƙaya ta soke shi a ƙafa sai ya cire ya ajiye ta a gindin itacen.

Alamar farko ruwa ce. A ƙarƙashin hoshinmu akwai hazzan, rijiyar siminti da ake tara ruwan gida a ciki. Ruwan da kan kai mu mako biyu sai ya koma ƙarewa a kwana tara. Na zargi famfo, na zargi maƙwabta, na zargi kowa. Daga nan ƙofar ɗakin Baba ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Sai kuma wata safiya ina shara na ga yashi a kan dardumar sallarsa. Na kakkaɓe. Washegari ya dawo. Na ɗaga kai na bi bango da ido, na janye labule, sai ga tsaga siririya ta taso daga ƙasa ta haura har gindin taga. Gadon Baba a jikin bangon nan yake.

Ƙanena ya kawo wani magini, mutumin Damagaram, dattijo marar yawan magana. Bai fara duba bangon ba. Murfin hazzan ya ɗaga, ya haska da fitilar wayarsa ya ce in leƙa. Saiwoyi ne suka fasa siminti suka shigo, suna reto cikin ruwa kamar jelar doki.

"Hajiya, hazzan yana yoyo, ƙasar da ke ƙarƙashin bangon ta jiƙe ta yi laushi, ga saiwa kuma tana tura shi. Sai an sare itacen, a tone gindin, a gyara. Kuma a yi kafin ruwan sama."

Ya kwaɓa ɗan jibsi, wani farin gari kamar siminti, ya shafa a kan tsagar, faɗin tafin hannu. Ya ce in riƙa dubawa kullum. In jibsin ya tsage, to bangon tafiya yake yi.

Baba ya saurari duk wannan har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba za a sare ba."

Muka ce to ya koma ɗaya ɗakin. Ya ce a ɗakin nan uwarmu ta cika, ba inda za shi. Ƙanena ya je wurin limamin unguwa, liman ya ce babu laifi, shuka ce ta mutum, ga kuma cutarwa. Baba ya ce wannan malamin mutanen ƙasar ne, ba namu ba. Ƙanena ya sake tafiya har Misfala ya samo wani tsohon malami na mutanenmu, shi ma ya ce in don gyaran gida ne an yi sauƙi. Na ɗauka magana ta ƙare. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Malam ya yi gaskiya, ban musa ba. Amma ba a gidana ba."

Nan fa na tashi. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, mahaifiyata kan ce da bakina aka haife ni kafin sauran jiki. Na ce masa wannan ba tsoron Allah ba ne, taurin kai ne. Na ce shi ya fi malamai sani ne? Na ce in bango ya danne shi, mutane ni za su zaga, su ce ta dawo gida ta kashe ubanta da lambu. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ya bar ni sai da na gaji, bayan la'asar ne, muna zaune a inuwar itacen da muke faɗa a kansa.

"Zauna, Uwata. Kin san ina da wa?"

Na san sunansa kawai, na san ya rasu da ƙuruciya.

"Muna samari, wata shekara itacen girki ya yi wuya. Innarmu ta kwana biyu ba ta hura wuta ba. Yayana ya ɗauki gatari muka hau dutsen bayan Misfala. Akwai wata ƙaya ɗanya a can. Na ce masa Harami ne, ya ce ciki bai san Harami ba. Shi ya sara, ni na ɗauko. Ba a rufa wata uku ba aka yi ruwa, kwari ya kawo. Yana tsallakawa, ruwan bai wuce gwiwa ba, ina kallonsa ya tafi da shi. Sai bayan kwana biyu aka same shi."

Ya juya kofin shayinsa.

"Na san ajali ne. Na san ba haka ake karanta hukuncin Allah ba, kar ki gaya mini. Shekara sittin ina gaya wa kaina. Amma duk wanda na gani da gatari a gindin itace a garin nan, ruwan nake gani."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba, ga tsoro ya shigo ya zauna a tsakaninsu.

A kwana na tara jibsin ya tsage. Magini ya dawo ya shafa wani, wannan kwana huɗu ya yi. Tsagar da da zare ba ya shiga, yanzu ina sa ɗan yatsana. Lokacin sanyin Makka ya kama, lokacin da ruwa kan zo ba sallama, ya yi awa ɗaya ya mai da tituna koguna. Kowace yamma hadari na haɗuwa a kan duwatsun gabas, ya yi baƙi, ya watse. Kullum da safe kafin in ɗora shayi sai na tura ƙofar nan mai cijewa na ga ƙirjin Baba yana motsi. Yashi kuwa ya koma sauka har kan matashinsa, ya kakkaɓe ya kwanta abinsa.

Na ce wa magini ya sare kawai in Baba ya tafi masallaci. Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, bango zan gyara, rami zan tona, ko da hannu ne. Amma ni albarka na zo nema ƙasar nan. Itacen Harami ɗanye, ba da hannuna ba."

Na juya kan ƙanena. Shi da ya yi ta yawon neman fatawa, tun da ya ji labarin yayan Baba sai jikinsa ya mutu. Yau aiki ya riƙe shi, gobe bayansa ke ciwo. Da na matsa masa ya ce, "Yaya, 'ya'yana huɗu." Na ce masa Allah ya raya su, kuma Allah ya sa kada su gaji zuciyar ubansu. Mun yi mako ba mu gaisa ba.

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar Laraba na shiga kasuwar Zahir na sayo zarto mai jan mariƙi, na jingine shi a bayan ƙofar kicin. Ban iya munafunci ba, don haka da muka zauna cin abincin rana na gaya wa Baba gaba da gaba.

"Ranar Juma'a in kun tafi masallaci zan sare shi. Ni na shuka, ni zan ɗauki abin da ya biyo baya."

"Ba ki ji abin da na gaya miki ba?"

"Na ji. In ma gaskiya ne, sai me? Ba ni da miji, ba ni da ɗa. In ruwa ya tafi da ni ba wanda zai yi maraici."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya wanke hannunsa ya tashi, bai gama cin abincin ba. Na ɗauka fushi ya yi, na ce a raina ya yi ta yi, in dai da ransa.

Ranar Alhamis da hantsi ya aike ni sayen gurasa da wake, ya ce na wani shago mai nisa yake so, na kusa ba ya masa daɗi. Na tafi ina ƙunƙuni. Da na dawo, tun daga bakin layi na jiyo ƙarar, ƙiii, ƙiii, tana yi tana tsayawa. Na san ko mene ne kafin in buɗe ƙofa.

Yana durƙushe a gindin itacen, daga shi sai singileti da zanen gida, mutumin da ya haura tamanin. Zarton ya shiga kamar yatsa biyu. Ƙaya ta yayyage masa damatsa, jini na bin gwiwar hannunsa, leɓunansa na motsi da istigfari. Na yar da ledar na nufe shi.

"Tsaya nan," ya ce, bai ko juyo ba. "Kar ki taɓa zarton, kar ki taɓa itacen."

"Baba, don girman Allah ka bari."

"Kin ce ba wanda zai yi maraici." Ya tsaya yana haki. "Ni na yi maraicin uwa sau ɗaya. Ba zan sake ba."

Na zauna a dokin ƙofa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mijina ya rasu. Ya yi ta yi, ya ja sau goma ya huta, ya sha ruwa, ya koma. Ko kofin ruwan sai dai in ajiye a ƙasa ya ɗauka. Gab da azahar itacen ya yi ƙara ya kwanta tsakiyar hoshi, kurciyoyi suka watse. Rana ta faɗo cikin gidan gaba ɗaya, na ga yadda ya tsufa. Ya miƙe da ƙyar, ya shiga ya yi wanka, ya sa farar riga ya tafi masallaci.

Magini ya ce abin da ya riga ya mutu ba laifi, ya tone gindin, ya tokare bango, ya fara gyara. Bayan kwana shida aka yi ruwan, irin wanda ke tafiya da motoci. Bangon ya tsaya. Ni da ƙanena muka yi ta hamdala. Baba kuwa tun da hadarin ya haɗu ya yi alwala, ya sa riga mai tsabta, ya zauna a bakin gado da carbinsa yana fuskantar ƙofa. Haka ya riƙa yi duk ranar da sama ta yi duhu, har sanyin ya wuce. Bai taɓa cewa ga abin da yake jira ba, ni ma ban tambaya ba. Bai kuma sake fitar da kujerarsa hoshi ba.

Ya rasu bayan wata takwas, tsakiyar zafi, sama fes babu ko ɗigon girgije. Likita ya ce zuciya ce da shekaru. Na yarda da likita. Ina maimaita wa kaina hakan kamar yadda shi ma ya yi shekara sittin yana maimaitawa.

Na koma ɗakinsa da kwana. Wurin da na fasa siminti ba a rufe shi ba, na ce a bari, ban san dalili ba. Da ruwan shekara ta gaba ya sauka, bayan mako guda na fito da tsintsiya na ga kore a jikin bangon da aka gyara. Na durƙusa. Ƙananan ganye ne jere biyu-biyu, na san su kamar yadda na san tafin hannuna. Shekaru itacen nan yana zubar da 'ya'ya a wurin. Goma sha ɗaya na ƙirga, kuma waɗannan ba wanda ya shuka su. Da kansu suka tsiro a ƙasar Harami.

Ban ba su ko ɗigon ruwa ba. Na zuba ido zafi ya yi mini aikin, ya kuwa kashe goma. Ɗaya ya ƙi. Tsakaninsa da bango bai fi taƙi ɗaya ba, daidai inda kan gadon yake daga ciki. Bara yana idon sawuna, bana ya kai gwiwata, kuma shar yake. Ƙanena ya ce in tuge shi tun yana ƙarami, ai yanzu da yatsa biyu ma zai fita. Na ce masa ga shi nan, bismillah. Ya yi dariya ya canza magana.

Kullum da safe nakan shafa bangon da tafin hannu kafin in ɗora shayi. Har yanzu sumul yake. Zarton mai jan mariƙi yana nan a bayan ƙofar kicin, sai dai yanzu babu mai aikena shago mai nisa don ya riga ni ɗauka.